Sunan da Inna Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Ina 'yar shekara 9 aka haɗa ni da kakata, wadda muke kira Inna, in raka ta asibiti. Da layi ya zo kanmu, malamin da ke yankar kati ya tambaye ta sunanta, ta faɗa. Ya tambayi unguwa, ta faɗa. Sai ya ce, "Sunan miji fa?" Inna ta yi shiru, ta gyara lulluɓi, ta zuba wa ƙasa ido kamar wadda ta yar da kwabo. Malamin ya maimaita da ƙarfi, a zatonsa kunnenta ne ya yi nauyi. Sai ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Ke kishiya, faɗa masa sunan mijin naki mana." Ni kuwa na buɗe murya na rangaɗa sunan kakana har da na mahaifinsa, sai ka ce sanƙira a wurin ɗaurin aure. Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. Inna ta ce, "Ji mara kunya," amma tana murmushi. Jika dai ba ta kunyar kaka, shi mijinta ne na wasa, kuma saboda irin wannan rana aka ce in biyo ta.

A lokacin sun haura shekara 40 da aure. Ta san tarinsa a cikin tarin mutum goma, ta san takunsa tun daga zaure, ta san ranar da kasuwa ta yi masa kyau tun kafin ya tuɓe takalmi. Sunansa kaɗai ne bai taɓa ratsa bakinta ba. Sai da na girma na yi nawa auren tambayar ta dawo mini: idan mace ta ɗauke sunan miji daga harshenta, me take sakawa a gurbinsa? Kuma me waɗannan sunaye na madadi suke faɗa, wanda ita ba za ta iya dubansa ta faɗa ba?

Hausawa sun ce suna linzami ne. Wanda ya riƙe linzami kuwa shi ke juya doki. Sunan yanka, wato wanda aka raɗa wa jariri aka yanka masa rago ranar bakwai, na manya ne su kira ƙanana da shi. Uba ya kira ɗansa, malami ya kira almajirinsa, wa ya kira ƙanensa. In aka juya, ƙarami ya ja linzamin babba, to an yi rashin ɗa'a. Shi ya sa kusan kowane babban suna yake da inuwar da ake fakewa a ƙarƙashinta: Abubakar ya zama Garba, Usman ya zama Shehu, Umaru ya zama Sanda, Yusufu ya zama Maitama, A'ishatu ta zama Indo, Hauwa'u ta zama Kulu. Yaron da aka sa wa sunan kakansa kuwa sai ya tashi a Abba ko Baba ko Maisuna, don uwarsa ba za ta tsaya a tsakar gida tana ƙwala kiran sunan surukinta ba, balle ta haɗa da zagi ranar da yaron ya yi ɓarna. Ɗan fari ma yana cikin lissafin. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wata tsohuwa daga ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarinta a tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ya nuna yadda kunyar surukai da ta ɗan fari take ɗaure da rayuwar mace tun zamanin da Turawa ba su zo ba. Ashe miji ɗaya ne daga cikin jerin mutanen da mace take kewaye sunansu, sai dai shi ne wanda take kwana take tashi da shi, don haka nasa kewayen ya fi yawan ƙofofi.

Akwai wani gamo mai ban sha'awa a nan. Muna da kalmar "kunya", wadda kowa ya sani, har Baturen nan Kirk-Greene ya lissafa ta cikin halayen mutumin kirki a wani ɗan littafinsa na 1974. Larabawa kuma suna da tasu kalmar mai irin wannan sauti, wadda ba ta da alaƙa da jin nauyi: ita tana nufin kiran mutum da Abu wane ko Ummu wane, kamar yadda ake ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Abul Ƙasim. Nana A'isha ba ta haihu ba, amma an yi mata irin wannan suna, Ummu Abdullahi, da ɗan yayarta Abdullahi ɗan Zubairu. Da kalmar ta shigo Hausa da "al" ɗinta ta zama "alkunya", sai ta tarar da 'yar gida mai kama da ita, suka rungumi juna. Yau in aka ce mace ta yi alkunya, ba ka iya raba ma'anar biyu: ta sakaya suna, kuma ta ji nauyi. Baƙuwa da 'yar gida sun zama abokan zama, babu mai cewa ga uwargida ga amarya.

To, mu shiga cikin sunayen da kansu. Na farko shi ne wanda ya fi kowanne sauƙi, kuma shi ne aka fi gudu: miji. Tsohuwar kalma ce ƙwarai, daga gare ta aka samo "namiji", wato na miji, kamar yadda ake cewa tamace. Amma a bakin matan da, "mijina" kalma ce tsirara. Tana nuna abin da ke bayan labule. Alƙali zai iya tambaya, "Wannan mijinki ne?" Ungozoma za ta iya cewa a kira mijinta. Ita kuwa matar, in ta ce "mijina" a gaban manya, sai a dubi juna. Inda za ka ji kalmar da ƙarfi shi ne wurin faɗa da kishiya, ranar da ake ja-in-ja a kan wane ne na wa. Karin maganganun da ke ɗauke da namiji ma ba na yabo ba ne yawancinsu: namiji ba ɗan goyo ba, namiji barkono sai an tauna za a san yajinsa, namiji ƙanin ajali. Waɗannan gargaɗi ne na uwa ga 'yarta. Idan ana son yabo, sai a sake kalma.

Kalmar da ake komawa gare ta ita ce maigida. Dubi yadda aka gina ta: mai, da gida. Ba ta ce komai a kan soyayya ba, ba ta ce komai a kan jinsi ba. Muƙami ce, kamar mai unguwa ko mai gari. Gida kuma a Hausa ya wuce katanga da ɗakuna. Mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya su ne gida, shi ya sa in namiji ya gaida abokinsa ba ya cewa ina matarka, sai ya ce "Ina gida?" ko "Yaya iyali?" Ita "iyali" daga Larabci take, kuma asalin ma'anarta waɗanda ciyarwarsu ta rataya a wuyan mutum. A ƙauye a da, maigida shi ne shugaban gandu: shi ke riƙe da rumbu, shi ke fitar da hatsin yini, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samarin gida auren fari. Duk macen da ta ce "maigidana" ta ambaci wannan kaya gaba ɗaya a numfashi guda. Ta ce ga wanda ya ɗauki nauyin, kuma na shaida yana ɗauka.

Girman kalmar bai tsaya nan ba. "Giji" tsohuwar siga ce ta gida, ita ce a cikin uwargijiya da ubangiji. Uban giji, uban gida. Lokacin da Bahaushe ya nemi kalmar da zai fassara "Rabbu" da ita, Mai reno, Mai ciyarwa, Mai mallaka, bai je fada ya aro sunan sarki ba, a cikin gida ya ɗauko. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda Bahaushe ya ajiye mai riƙon gida a zuciyarsa, ya kuma isa ya tsorata duk namijin da ake kira maigida, in yana da tunani.

Fatake ma sun ɗauki kalmar sun yi nisa da ita. A zangon Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan, maigida shi ne fatoman da baƙon ɗan kasuwa ke sauka a wurinsa: ya ba shi masauki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalai, ya tsaya masa in mai sayen shanu ko goro ya karɓi kaya bashi. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo a farkon shekarun 1960 ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna cewa kasuwancin shanu da goro na unguwar kacokan a kan amanar waɗannan masu gidaje ya tsaya. Ranar da maigida ya ci amanar baƙo, labari zai riga shi isa Kano, gidansa ya koma kango. Yaron shago ma maigida yake ce wa ubangidansa, haka ɗan siyasa ga wanda ya tsaya masa. A duk inda kalmar ta je, sharaɗinta ɗaya ne: akwai masu kwana a inuwarka.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, wannan sarauta mace ce ke naɗa ta. Namiji ko ya gina bene mai hawa uku, in babu mace a ciki, tuzuru ne ko gwauro. Mutanen Kano sun san abin da Nalako, sarkin gwagware, yake yi musu da tashe a watan azumi, ba ya kuma tambayar wa ke da takardar fili. Sai an kawo amarya ake cewa wane ya zama magidanci. Kuma harshe bai bar ta hannu sake ba, ita ma ya ba ta nata "mai": mai ɗaki. Shi mai gida, ita mai ɗaki. Fulanin Futa Toro, can Senegal, haka suka raba su ma, jom galle da jom suudu. Wanda bai san gidan Bahaushe ba zai ce an ba shi babba an ba ta ƙarami. Wanda ya sani ya san cewa gado da jere da kwalla da adashin da ke ƙarƙashin katifa duk a ɗaki suke, kuma maigida da kansa sai ya yi sallama kafin ya ɗaga labule. Ta fari kuwa har an ɗaga ta daga ɗaki an mayar da ita uwar gidan ɗungurungum. Uwargida ran gida, in ji masu kirari. Gida mai uba da uwa, to wa ya rage a ciki in ba 'ya'ya ba?

Inna ba ta cika cewa maigida ba sai a gaban baƙi. A cikin gida "Malam" take cewa. Kakana ya yi karatun allo ya sauke, ya taɓa littattafan farko na fiƙihu, amma sana'arsa ɗinkin hula ce, bai taɓa zama da almajirai ba. Kalmar daga "mu'allim" ta Larabci take, mai koyarwa, kuma dubban matan Hausa suna kiran mazansu da ita ko da mazan ba su koyar da kowa komai ba. Na daɗe ina ganin abin kamar ƙarin gishiri, sai daga baya na gane riga ce ake ɗinka wa mutum da ɗan girma don ya yi ƙoƙarin cika ta. Wanda ake ce wa Malam safe da yamma a gaban 'ya'yansa, da wuya ya tsaya yana ashar a tsakar gida. In Allah ya kira shi ya sauke farali, sai sunan ya koma Alhaji, matar ta huta, don ta sami suna mai daraja wanda duk gari ke taya ta faɗa. Wadda aka yi wa auren zumunci kuwa ba ta da wahala, "Yaya" da ta saba faɗa tun tana yarinya shi za ta ci gaba da shi, har 'ya'yanta su tashi suna mamakin yadda babansu ya zama yayan uwarsu.

Sai kuma Baban wane, ko Abban wance a bakin 'yan birni. Wannan ita ce alkunya ta asali, irin ta Larabawa, kuma maƙwabtanmu Yarabawa ma haka suke yi. Amma dubi dabarar matan da: ba da ɗan fari ake yi ba, don shi ma sunansa ba ya faɗuwa. Sai a tsallake a ɗauki na biyu ko auta, ko 'yar riƙo. Wannan suna yana faɗin abin da "maigida" bai faɗa ba. Yana cewa akwai wani abu tsakanina da kai wanda ko alƙali bai isa ya raba ba. Shi ya sa ko aure ya mutu, maigida ya zama tsohon miji, Baban wane yana nan daram.

Akwai kuma sunan da ba suna ba, wanda ni a wurina ya fi duka daɗi: "shi". "Shi ne ya ce a dafa." "Bai dawo ba tukuna." "Suna ciki." Babu wanda zai tambaya wa ake nufi. Duniya cike take da maza, amma in matar aure ta ce "shi" ba tare da ta ambaci kowa ba, mutum ɗaya ne. Wace waƙar soyayya ce ta kai wannan?

Yadda take sakaya sunansa, haka take sakaya yabonsa. Ka saurari tsofaffin mata in ana zancen mazansu, za ka ji yabon kusan duk da "bai" da "ba ya" yake farawa. "Bai rage mu da komai ba." "Ko ci kanki bai taɓa ce mini ba." "Ba ya kwana da haƙƙin kowa." "Ban taɓa neman gishiri a maƙwabta ba." Ba za ta ce yana da kirki ƙwarai, yana sona, ya saya mini kaza da kaza ba. Dalili biyu ne, kuma duka na masu hankali ne. Na ɗaya tsoron baki, don abin da aka cika yabo kambun baka ba ya barinsa. Na biyu kuwa, wadda ta tsaya a gidan biki tana tallar mijinta, kada ta yi kuka in an taya. Saboda haka sai ta ƙirga sharrin da bai yi ba, ta bar mai hankali ya auna alherin da ya yi. Mafi girman abin da za ta faɗa a fili shi ne, "Ya rufa mana asiri." Rufin asiri kuwa ba dukiya ba ne. Shi ne a ci, a sha, a sa sutura, a yi baƙo a fita kunyarsa, maƙwabci bai san ranar da aka kwana da gaya babu miya ba.

A gabansa kuma godiyar takan zo ne a sigar gaisuwa da addu'a. Ya shigo da cefane, ko da kuka ce da daddawa da ɗan ƙullin barkono, za ta karɓa da hannu biyu: "Sannu da zuwa, Malam. An sha rana. Allah ya ƙara buɗi." In ɗinkin sallah ne: "Madalla, Allah ya sa a fi haka, Allah ya bar mana kai." Yaba kyauta tukwici, kuma tukwicin yana biyowa baya ba da baki ba: ruwan wanka da aka sirka daidai yadda yake so, kwanonsa da ba mai taɓawa, tsokar da aka ɓoye a ƙasan miya, yaran da aka kora waje don yana barcin rana. Wanda ya ce matan da ba su iya nuna so ba, bai taɓa ganin yadda ake jera kwanon maigida ba.

Kada a ɗauka duk zuma ce. Harshen da ya iya naɗa sarauta ya iya tuɓe ta. Ranar da aka saɓa, kuma zo mu zauna zo mu saɓa ne, Malam yakan koma "mutumin naku". In abin ya yi zafi, "uban yaran nan". In ya kai intaha, "wancan". Mace ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi zagi ba, amma duk wanda ke gidan ya san an sauke tuta. Ita ma unguwa tana da nata sunayen ga wanda bai cika rigar ba: mijin-ta-ce ga wanda ba ya yanke magana sai an yanke masa, mijin Hajiya ga wanda ya miƙe ƙafa mace na ciyar da shi. Kuma gaskiya ce cewa a wasu gidajen, abin da ake kira kunya tsoro ne tsagwaronsa. Akwai wadda ba ta faɗin sunan miji don girmamawa, akwai wadda ba ta faɗa don ko tari ba ta isa ta yi ba in yana gida. Daga waje kalmar ɗaya ce, maigida, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai kuma matan da a yau su ke biyan kuɗin haya da na makaranta daga albashinsu ko sana'arsu, su dawo su durƙusa su ce "Sannu da hutawa, maigida." Wannan ba shaida ba ce kuma, sutura ce suke lulluɓa masa, kuma ya kamata wanda aka lulluɓa wa ya ji nauyinta.

Mutane da yawa suna zaton addini ne ya hana mace faɗin sunan mijinta. Al'ada ce. A cikin Sahihul Buhari, a labarin ranar da Annabi Ibrahim ya ajiye Hajara da jaririnta a kwarin Makka ya juya, da sunansa ta kira shi tana tambayarsa inda za shi. Abin da addini ya yi magana a kai da kakkausar murya shi ne butulce wa abokin zama, a ci alherinsa shekara da shekaru, rana ɗaya a ce ba a taɓa ganin komai ba. Ya kuma adana mana misalin yabo a hadisin mata 11 da suka zauna kowace ta siffanta mijinta, wasu suka kushe, wasu suka yaba, Ummu Zar'in ta fi kowa zuba yabo ga Abu Zar'in, har Annabi ya gaya wa Nana A'isha cewa shi a gare ta kamar Abu Zar'in ne ga matarsa. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo marsiyya da ya rasu. Ashe yabon miji a fili yana da asali, sakaya shi ma yana da asali. Kuma ba mu kaɗai ke sakayawa ba: matan Hindu na gargajiya a Indiya ba sa faɗin sunan miji, matan Zulu da Xhosa a Afirka ta Kudu kuwa har gaɓoɓin da ke cikin sunan suruki suke kauce wa a maganarsu ta yau da kullum.

Mu namu zamanin ya zo da wasu sunayen. Littattafan soyayya suka buɗe ƙofa, tun daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980 zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991 da ɗaruruwan da suka biyo baya. Finafinan Indiya da na Kano suka ƙara faɗaɗa ta. Sai wayar salula ta iso Nijeriya a 2001, ta zo da wata tambaya da ba a taɓa yi wa Inna ba: da wane suna za ki adana lambarsa? Nan aka ga ƙirƙira. Habibi, Nurul Ƙalbi, Zaujina, Masoyi, Nawa, Abban Yara, Oga, Dalin, Hani, Bebi. Wata ma hoton zuciya kawai take sakawa, babu harafi ko ɗaya. Tsofaffi suna jin haka su riƙe baki, su ce kunya ta ƙare. Ni kuwa da na duba jerin da kyau sai na ga abin dariya: har yanzu babu sunan yanka a ciki. Jikokin Inna sun yi boko, sun yi digiri, suna tuƙa mota, amma da wuya ka sami wadda ta rubuta sunan mijinta tsurarsa a waya. Sun canza rigar ne kawai, sakayawar tana nan.

Bambancin da na gani a wani wurin yake. Sunayen da suna faɗin abin da mutum yake yi: yana riƙe gida, yana koyarwa, ya haifi wane. Na yanzu suna faɗin abin da ake ji a zuciya. Kowanne da ribarsa. Matan da yawa a zamanin Inna sun mutu ba su taɓa jin kalma mai taushi ba, ba su kuma taɓa furta ta ba, kuma ba na jin wannan abin alfahari ne. Amma shi sunan zuciya yana bin yanayin zuciya. Ranar da aka yi faɗa, Habibi ba ya fita daga maƙogwaro, wata har sai ta shiga waya ta goge shi. Malam kuwa ana iya faɗinsa da fushi, ana iya faɗinsa da hawaye, ana iya faɗinsa ranar da babu ko sisi, don bai dogara da yadda aka tashi da safe ba. Ni dai na raba gardama. A waya na sa abin da na sa, ba kuma zan faɗa a nan ba. A gaban surukaina da 'ya'yana kuwa, Baban wance ne, kuma in ya shigo da leda a hannu, ko burodi ne, bakina ba ya rasa "Allah ya ƙara buɗi." Na lura in na faɗa, kafaɗarsa takan ɗan sauka, kamar wanda aka taya sauke kaya.

Kakana ya rasu Inna ta yi takabarta, wata 4 da kwana 10. Bayan 'yan shekaru magada suka raba gado, gidan bai rabu ba sai da aka sayar, wanda ya saya ya rushe ya yi shaguna. Inna ta koma wurin kawuna, aka ba ta ɗaki ɗaya kusa da ƙofa. Wani dare na kwana a wurinta, na farka da asuba na ji ta a kan buzu tana jan carbi, tana jero mamatanta ɗaya bayan ɗaya. Ta ambaci mahaifiyarta, ta ambaci ƙannenta da sunayensu, ta ambaci 'ya'yanta da suka riga ta. Na kasa kunne, na ce yau dai zan ji, tunda babu kowa sai ita da Ubangijinta. Da ta zo kansa sai ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Allah ka jiƙan maigidan nan, ka rufa masa asiri yadda ya rufa mana."

Da gari ya waye na ce, "Inna, wane gidan kuma? Gidan da aka rushe?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kishiya, mu da muke zaune nan, ce miki aka yi shaguna ne?"